Ramin rarar ruwa na kwamin wanke-wanke: in ya fashe a sake shi, kar a toshe

Jama'a masu saurare, da ku ƴan uwa na Abijan, Kwatano da Legas masu aiko kuɗi ana gini a gida, yau maganarmu a madafa take. Gidajen siminti da yawa yanzu ana sa masu kwamin wanke kwanuka na ƙarfe, wanda masu gyaran pampo ke ce ma ebiye. Ku duba can sama kusa da bakinsa, za ku ga ɗan rami. Shi ne trop-plein da Faransanci. In an toshe ramin ƙasa ruwa ya cika, ta nan rarar ke fita. A bayansa akwai ƴar roba da tiyo mai lanƙwasa da ke gangarar da ruwan zuwa magudanar ƙasa.

Robar nan ita ke tsagewa, ko don tsufa da zafi, ko don tukwanen da ake cusawa ƙarƙashin kwamin suna bugunta. Abin haushi, daga sama ba a ganin komi. Ruwa na bin bayan kwamin yana ɗiga, katako ya kumbura, kyankyasai su samu gida, gara ta biyo danshi. In bangon ƙasa ne aka shafe da siminti, ɓarnar ta fi haka.

Wasu sai su cusa leda ko su liƙe ramin da siminti. Mu dai ba mu goyon bayan wannan. Mun san halin pampo: ruwa ya ɗauke, yaro ya buɗe ya manta, tsakar dare ya dawo. Ranar ce za a nemi ramin nan a rasa.

Gyaran bai kai a kira ma'aikaci daga birni ba. Kusa guda ce mai zare ke riƙe da shi, a tsakiyar ramin ta cikin kwamin. A riƙe robar ta baya da hannu ɗaya, a kwance kusar da turnabis, sannan a warware tiyon daga magudanar ƙasa. A ajiye bokiti, don ruwan da ya kwanta ciki akwai wari.

Tsohon kuwa a tafi da shi shagon kayan pampo, kar a dogara da kwatance. Wani bakinsa zagaye ne, wani mai kusurwa huɗu. Magudanar ƙasa ma akwai mai faɗin milimita 60, akwai mai 90. Wani lokaci sai an sayi duka haɗe. Mai aikowa daga waje, ka sa a turo maka hoto ta WhatsApp tukuna.

Wajen ɗaurawa, a goge wurin tas. Zoben roba baƙi, wato juwan, ta baya yake zama, tsakanin ƙarfe da sabuwar robar. A ɗaure kusar a hankali. Matsawa da ƙarfi ita ke fasa sabo tun ranar farko. Tiyon ya gangara, kar ya karye ko ya yi ciki.

Daga nan a toshe ramin ƙasa, a cika kwamin har ruwa ya fara bi ta ramin sama, a shafa busasshen tsumma ta baya. In ya jiƙa, a kwance a gyara zaman juwan ɗin. Kuma ku sani ramin ƙarami ne, ba kullum yake iya kwashe ruwan pampon da aka buɗe duka ba. In ruwa ya ɗauke, a rufe pampo kafin a kwanta.