Darasin ruwan sama a filin makaranta

Duk damina, unguwanni a Kano da Zariya da Maraɗi kan sha fama da ambaliya. Sau da yawa leda ce ta toshe magudanan ruwa, ko an cike kududdufai an yi gini a kai. Yaran da ke ratsa wannan ruwa zuwa makaranta ya kamata su san yadda yake taruwa da inda yake nufa, kuma filin makarantarsu ya isa aji.

Darasin farko lissafi ne. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 yana ba da lita 1. Ke nan rufin aji mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 20, zai zubo da lita 2,000, wato jarka 80 masu cin lita 25.

Na biyu gwaji ne. Da ruwa ya ɗauke, malam ya fita da ɗalibai su bi sawun ruwan tun daga indararo. Su zuba bokiti ɗaya a kan siminti, ɗaya a kan ciyawa, su ga inda ƙasa ta sha da inda ruwan ya gudu.

Na uku aikin hannu ne: kafa tanki mai murfi saboda sauro, yashe kwata, da haƙa ramin rabin wata a gindin bishiya, irin dabarar manoman Tawa.

Yaron da ya yashe kwata da hannunsa zai yi wuya ya jefa leda cikinta.