Taƙaita Izinin Fayiloli Ba Rashin Yarda Ba Ne

Wata ɗabi'a ta zama ruwan dare a ƙananan ofisoshi da makarantu da shagunan ɗaukar hoto da suka sayi akwatin ajiyar fayiloli na NAS, irin na Synology ko QNAP. Mai haɗawa ya zo ya buɗe folda guda, ya ba kowa ikon karantawa da rubutawa da gogewa, ya liƙa kalmar sirrin admin a bango, ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba. In ka yi magana, sai oga ya ce, "Haba Malam, ai duk nan 'yan uwa ne, wa zai cuce ni?"

Wannan amsa ta ishe ni. Wa ya ce ma'aikatanka ɓarayi ne? Manhajar nan mai garkuwa da fayiloli, idan ta shiga kwamfutar sakatariya ta filashi ko ta saƙon imel, da izinin sakatariyar take aiki. Duk fayil ɗin da sakatariyar ke da ikon sauyawa, manhajar na iya kulle shi. Idan an buɗe mata ko'ina, takardun albashi da sakamakon ɗalibai da hotunan bikin mutane duk sun tafi cikin dare ɗaya, alhali baiwar Allah ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Da ikon karantawa kawai take da shi a waɗannan wurare, da ɓarnar ta tsaya a foldarta. Ko babu wata manhaja ma, hannun amintacce kan zame ya goge aikin shekara. Kuma muddin mutum goma na shiga da suna ɗaya, rajistar na'urar ba za ta nuna maka wanda ya yi ba, sai zargi ya hau kan kowa. To ina zumuncin da ake karewa?

Izinin nan hawa biyu ne: na shiga foldar da aka raba, da na fayilolin cikinta, kamar ƙofar zaure da ƙofar ɗaki. Wanda ya fi tsauri shi ke aiki. Rashin sanin haka ke sa wasu, da zarar an hana su shiga, su buga umarnin sauya izini na chmod 777 su huta. Lamba 4 karantawa ce, 2 rubutawa, 1 gudanarwa, jimilla bakwai. Bakwai sau uku na nufin mai fayil da rukuninsa da kowa da kowa sun sami komai.

Gyaran bai da tsada. Kowane ma'aikaci ya sami sunansa da kalmar sirrinsa. A kasa su rukuni-rukuni, na kuɗi daban, na malamai daban, a ba rukuni izini maimakon bin mutum ɗaya-ɗaya. A fara da ikon karantawa, sai wanda aikinsa ya buƙaci rubutu a ƙara masa. A Synology, in izini biyu suka ci karo, hani ne ke rinjaye, don haka a duba rukunonin mutum kafin a ce na'ura ta lalace. A kashe asusun guest da tsohon asusun admin. Oga kansa kada ya yi aikin yau da kullum da asusun mai iko duka. A kashe tsohon tsarin raba fayiloli na SMB1, wanda ta cikinsa manhajar garkuwa ta WannaCry ta yaɗu a 2017. A kunna kwandon shara na kowace folda, a kuma ajiye kwafi a wani faifai da ba ya jone da na'urar. Barin akwatin a buɗe ga intanet ma haɗari ne na daban, kamar yadda manhajar garkuwa ta DeadBolt ta nuna wa masu QNAP a Janairun 2022.

Wanda ya bar aiki kuwa, a rufe asusunsa ranar da ya tafi, ko da ɗan ɗakinku ne. Oga, kira mai haɗa maka na'ura yau, ya nuna maka jerin masu ikon gogewa.