Na'urar TCD da ƙwayar magani ɗaya a rana: yadda ake kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki a Kaduna

Idan aka ce shanyewar ɓarin jiki, yawancinmu dattijo mai hawan jini muke kawowa a rai. Amma a gidan da ake da mai ciwon sikila, yaro ɗan shekara shida ma yana iya kwanciya lafiya lau ya wayi gari hannu da ƙafa sun daina motsi. Kimanin yaro 1 cikin 10 masu sikila irin ta SS yakan gamu da wannan kafin ya cika shekara 20 matuƙar ba a yi masa rigakafi ba. A Najeriya kuwa ana ƙiyasin ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da wannan ciwo duk shekara, babu ƙasar da ta kai ta.

Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da ke kan titin Lafiya a Kaduna yana cikin asibitocin da suka gwada wata hanyar rigakafi mai sauƙin kuɗi. Abu biyu ta haɗa: na'urar da ke auna gudun jini a cikin kai, da ɗan magani da ake sha kullum.

Abin da ke faruwa a cikin jijiya

Mutane da yawa sun san cewa jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila suna lanƙwashewa kamar lauje su toshe hanya. Wannan rabin labarin ne. Ƙwayoyin suna saurin fashewa, ba sa wuce kwana 10 zuwa 20, alhali na mai lafiya suna kai kwana 120. Abin da ke zuba daga cikinsu yana ƙona bangon jijiya, sai garkuwar jiki ta ɗauka an kawo hari. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki, sai su yawaita su riƙa mannewa a bangon, jajayen su ma su manne a jikinsu. Wannan shi ne kumburin da ba a gani da ido, kuma ba ya tsayawa ko a ranar da yaro yake wasa ba ya jin ciwo. A hankali manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa sai su yi kauri su tsuke.

Yadda na'urar take aiki

Duk wanda ya taɓa danne bakin tiyo da yatsa ya san ruwa yakan ƙara gudu idan hanya ta tsuke. Haka jini yake, kuma gudun nan na'urar TCD take aunawa. Ana ɗora kanta a gefen goshi, gaban kunne, inda ƙashin kai ya fi siranta. Sai ta aika sautin da kunne ba ya ji, ya bugi ƙwayoyin jinin da ke tafiya ya dawo. Kamar yadda jiniyar motar asibiti take sauya amo idan ta tunkaro ka sannan ta wuce, haka sautin yake dawowa a sauye, kwamfutar na'urar kuma ta lissafa gudun jinin daga wannan sauyi. An fara amfani da wannan fasaha a 1982. Ba allura, ba zafi, yaro kwanciya kawai zai yi a farke.

Sakamakon lamba ce. Ƙasa da santimita 170 a daƙiƙa, lafiya lau. Daga 170 zuwa 199, sai an sake dubawa ba da jimawa ba. Daga 200 zuwa sama kuwa haɗari ne babba: kusan 10 cikin 100 na irin waɗannan yara sukan samu shanyewar jiki a kowace shekara idan an bar su haka. Shi ya sa ake son a auna duk mai SS sau ɗaya a shekara, daga shekara 2 zuwa 16.

An gano haɗarin, sai me?

A 1998 wani bincike a Amurka mai suna STOP ya nuna cewa ƙarin jini duk wata yana rage haɗarin da kimanin kashi 90 cikin 100. Sai dai duk wanda ya taɓa neman leda ɗaya ta jini a asibitocinmu ya san abin da ake nufi da a nemo ta duk wata har tsawon shekaru. Ga kuɗin gwaji, ga neman mai bayarwa, ga sinadarin ƙarfe da ke taruwa a jiki wanda shi ma sai an sha magani mai tsada kafin ya fita.

A nan ne maganin haidiroksiyuriya ya shigo, wanda za ka ga an rubuta Hydroxyurea a kwalinsa. Asalinsa maganin wasu cututtukan daji ne na jini, amma a sikila aiki biyu yake yi. Yana sa ɓargo ya ƙara samar da irin sinadarin jinin da jariri yake da shi a ciki, wanda ke hana ƙwaya lanƙwashewa. Yana kuma rage yawan fararen ƙwayoyin jini, wato yana sassauta kumburin da muka yi bayani.

Binciken Kano da Kaduna

Tambayar ita ce nawa za a sha. Binciken SPRING ya ɗauki yara 220 masu shekara 5 zuwa 12 waɗanda na'urar ta nuna suna cikin haɗari, tsakanin 2016 da 2018, a Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala Muhammad a Kano, da kuma Barau Dikko. Cikin jagororinsa akwai Dakta Shehu Umar Abdullahi a Kano, da Dakta Halima Bello-Manga a Kaduna, da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt a Amurka. An raba yaran gida biyu: wasu suna shan miligiram 10 kan kowane kilo na nauyinsu a rana, wasu miligiram 20.

Sakamakon da mujallar Lancet Haematology ta buga a 2022 ya nuna yara 3 ne suka samu shanyewar jiki a rukunin ƙaramin awo, 5 a ɗaya rukunin, bayan an bi su sama da shekara biyu. A lissafin masu bincike wannan ba bambanci ba ne, kuma duka biyun sun yi ƙasa sosai da abin da ake gani idan ba magani. Ga mahaifin da ke sayen magani da kuɗin aljihunsa, wannan labari ne mai daɗi: rabin awo, rabin kuɗi.

Amma kada a ɗauka ƙaramin awo ya fi. A binciken nan dai, yaran da ke shan miligiram 10 sun fi yawan kwanciya a asibiti. Wani bincike a Yuganda da aka buga a 2020 ya nuna cewa ƙara awon a hankali har inda jikin yaro zai iya ɗauka ya fi rage tashin ciwo da buƙatar ƙarin jini. Wato ƙaramin awo mafari ne ga wanda ba shi da hali, ba shi ne ƙarshen magana ba.

Abin da iyaye za su riƙe

Maganin nan ba na saye a kemis a fara ba yaro ba ne. Da nauyin yaro ake lissafa shi, yaro kuma girma yake yi, don haka awon bara ba lalle ya isa bana ba. Tunda yana rage sojojin jiki, dole a riƙa gwajin ƙidayar jini lokaci-lokaci don kada su yi ƙasa fiye da kima. Mai ciki ko mai shirin ɗaukar ciki sai ta sanar da likita.

Na'urar ma ba ta aiki ita kaɗai. Samun jijiyar da ta dace ta ɗan wannan wuri a gefen goshi yana buƙatar hannun da aka horar, kuma ga matsalar wuta da gyara. Shi ya sa horar da ma'aikatan jinya da likitocin manyan asibitocin gwamnati yake da muhimmanci kamar sayen na'urar.

In kana da yaro mai SS da ya wuce shekara 2 kuma ba a taɓa yi masa wannan awo ba, ranar da za ku koma asibitin sikila ka tambayi likita inda ake yin TCD. In an yi, ka nemi a faɗa maka lambar, ka rubuta ta tare da kwanan wata a katin yaron.