Rarraba Aikin Gina Manhaja Zuwa Ƙananan Ayyuka: Ƙa'idoji da Ma'auni

Gabatarwa

Aikin gina manhaja ya sha bamban da ginin gida ta wata fuska mai muhimmanci, wato ba a ganin ci gabansa da ido. Wanda ya ba da kwangilar gini yana iya zuwa ya ga ko an kai linta ko an yi rufi. Wanda ya ba da aikin manhaja kuwa ba shi da madogara sai abin da aka faɗa masa. Shi ya sa akan yi ta jin "saura ƙiris" wata da watanni, har kuɗi su ƙare. Wannan muƙala ta yi bayanin hanyar da masana suka fi dogara da ita wajen magance matsalar, wato rarraba babban aiki zuwa sassan da za a iya ƙiyasta su, a damƙa su ga wani, a kuma tabbatar an kammala su.

Asalin Dabarar

Dabarar ta samo tushe ne a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da rundunar sojan ruwan Amurka ta ƙirƙiro tsarin PERT domin tafiyar da aikin ƙera makami mai linzami na Polaris. A 1962 Ma'aikatar Tsaron ƙasar da hukumar NASA suka fitar da jagora da ya bayyana yadda ake rarraba aiki mataki-mataki, daga bisani masu gina manhaja suka are ta.

Yadda Ake Rarrabawa

A ɗauki misalin manhajar rajistar ɗalibai a jami'a. A matakin farko za a raba ta huɗu: tantance ɗalibi, biyan kuɗin makaranta, zaɓen darussa, da fitar da sakamako. Daga nan sai a sake raba kowanne. Biyan kuɗi, alal misali, ya ƙunshi samar da lambar biya, da karɓar tabbaci daga banki, da fitar da rasit, da kuma abin da manhajar za ta yi idan an cire kuɗin ɗalibi amma tabbacin bai iso ba. Irin wannan sashe na ƙarshe ba ya bayyana sai an rarraba, kuma shi ne yakan tara cunkoso a ofishin kuɗi.

Ƙa'idoji uku ne ke jagorantar aikin. Ta farko, jimillar ƙananan sassa ta zama daidai da babban aikin, ba ragi ba ƙari. Saboda haka gwaji, da horar da ma'aikata, da kwaso tsofaffin bayanai duk sai an lissafa su. Ta biyu, kada aiki ɗaya ya faɗo cikin sassa biyu. Ta uku, wadda ta fi sauran nauyi, a sa wa kowane sashe suna da sakamakonsa. "Aiki a kan biyan kuɗi" ba shi da ranar ƙarewa. "Ɗalibi ya biya, rasit ya fito" kuwa amsarsa biyu ce: an gama ko ba a gama ba. Game da girma, masu harkar sukan bi ma'aunin cewa kada sashe ya gaza awa 8, kada kuma ya wuce awa 80.

Jerantawa da Rabon Hannu

Bayan rarrabawa sai a duba wane aiki ne yake jiran wani. Idan tsara rumbun bayanai zai ci kwana 5, haɗawa da banki kwana 10, gwaji kwana 4, kuma dole su bi juna, to aikin ba zai gaza kwana 19 ba. Zanen shafuka na kwana 6 yana iya tafiya a gefe, jinkirinsa na kwana biyu ba zai taɓa wa'adi ba.

Bahaushe ya ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma a nan maganar tana da sharaɗi. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin OS/360 a kamfanin IBM, ya nuna a littafinsa na 1975 cewa ƙara ma'aikata a aikin da ya riga ya makara yakan ƙara masa jinkiri. Mutum 5 suna da hanyoyin tuntuɓa 10 a tsakaninsu, mutum 10 suna da 45, mutum 20 kuwa 190. Yawan hannu yana amfani ne idan sassan ba su sarƙe da juna ba. Tun a 1972 David Parnas ya ba da shawarar a killace duk abin da ake zaton zai sauya a cikin sashe guda. Idan jami'a ta sauya banki, sashe ɗaya kawai za a taɓa.

Kammalawa

Ba a buƙatar rarraba aikin shekara guda dalla-dalla tun ranar farko, domin buƙatun masu manhaja suna sauyawa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa masana 17 suka haɗu a jihar Yuta ta Amurka a 2001, suka yi kira da a riƙa miƙa manhaja mai aiki kaɗan-kaɗan. Abin da ya dace shi ne a fayyace ayyukan makonni masu zuwa sosai, a bar na nesa a dunƙule har lokacinsu ya matso. Ma'aunin dai bai sauya ba: duk sashen da ba a iya faɗin wanda ke riƙe da shi, da kwanakin da zai ci, da alamar kammaluwarsa, to yana buƙatar a sake raba shi.