Yadda likita ke gane maras lafiyar da ke cikin haɗari

Idan hunturu ya kama, tari da mura sukan yawaita cikin garuruwanmu. Yawancin mutane suna warkewa a gida. Amma akwai waɗanda ciwon ke sauka cikin huhunsu, har a kwantar da su asibiti. Ƙwayar da ke kawo mura ana kiran ta birus. Wata irinta ce ta kawo korona, wadda ta shigo Nijar cikin watan Maris na 2020.

Idan marasa lafiya suka yi yawa, gado da iskar oksijan ba su isar kowa. Tilas likita ya san wanda zai fara dubawa. To, ta yaya yake sani?

Abubuwa 8 da ake dubawa

A 2020, likitocin ƙasar Birtaniya sun bi takardun masu korona fiye da dubu 35 da aka kwantar a asibitoci 260. Sun duba waɗanda suka warke da waɗanda suka rasu. Sai suka fitar da abubuwa 8:

1. Shekarun mutum.
2. Namiji ne ko mace.
3. Ciwon da yake da shi tun da, kamar na suga, zuciya, ƙoda, hanta ko sida.
4. Yawan numfashinsa cikin minti 1.
5. Yawan oksijan cikin jininsa. Ana awon sa da ƴar na'ura da ake maƙalawa a yatsa.
6. Yana cikin hayyacinsa ko ya ruɗe.
7. Awon jini mai nuna aikin ƙoda.
8. Awon jini mai nuna kumburi cikin jiki.

Kowane abu yana da makinsa. Idan aka tara, lissafin yana kamawa daga 0 zuwa 21.

Ga misali. Wani tsoho yana da shekara 72: maki 6. Namiji ne: maki 1. Yana da ciwon suga: maki 1. Yana numfashi sau 32 a minti: maki 2. Tun kafin a ɗauki jininsa ya samu maki 10. Mace mai shekara 30, wadda ba ta da wani ciwo, tana numfashi sau 18, ba ta da maki ko ɗaya. Likita zai fara da tsohon.

A waccan shekara, cikin mutum 100 da makinsu bai wuce 3 ba, 1 ne ya rasu. Cikin 100 da suka samu maki 15 ko fiye, wajen 62 suka rasu. An yi wannan ƙidaya kafin zuwan allurar rigakafin korona, amma alamomin har yau likita yana aiki da su.

Wannan lissafi ba duba ba ne. Ba ya faɗin ranar kowa. Ko cikin masu maki da yawa, 38 cikin 100 sun rayu. Amfaninsa shi ne a ba mai tsananin buƙata kulawa da wuri.

Abin da ke hannunmu

Ba mu iya rage wa tsoho shekaru. Amma jinkirinmu a gida yana iya ƙara masa maki, domin numfashi da ƙoda suna ƙara taɓuwa idan ciwo ya daɗe.

Mu koyi ƙidayar numfashi. Mu sa ido ga ƙirjin maras lafiya yana kwance, mu duba agogo ko waya har minti 1. Babban mutum mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20. Idan ya kai 30, ko mutum ya ruɗe, ko ya kasa gama magana saboda haki, mu kai shi likita nan take, ko da dare ne. Wannan ƙidaya ta manya ce, ta yara dabam take.

Kada mu tsaya sayen maganin ƴan tebur. Mu tafi da karnensa na likita da magungunan da yake sha. Mu gaya wa likita duk ciwon da yake da shi, kada kunya ta sa mu ɓoye. Abin da muka ɓoye yana ɓata lissafin.

Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.