Abin da ya sa magoya bayan Arsenal a Najeriya ba sa sauya sheƙa

Da dama daga cikin magoya bayan Arsenal a Najeriya sun kamu da son ƙungiyar ne saboda Nwankwo Kanu, wanda ya koma can daga Inter Milan a 1999. A watan Oktoban shekarar, Chelsea tana gaba da ci biyu a gidanta, Kanu ya zura ƙwallo uku shi kaɗai, aka tashi 3-2.

Kanu ya bar ƙungiyar a 2004, amma masoyanta suka tsaya. Daga 2005 zuwa 2014 Arsenal ba ta ɗauki kofi ba, suka jure gorin abokai a gidajen kallo, domin a wurinsu sauya ƙungiya cin amana ne. A yau 'ya'yan wasunsu sun gaji wannan soyayya.