Gajiya daban, rashin ƙarfi daban

Ƴan kasuwarmu na Maraɗi da Damagaram suna zuwa Katsina da Kano. Can, takardar magani da Ingilishi ake rubuta ta. Wani likitan ma da shi yake tambaya. To, ga kalmomin da ya kamata mu riƙe.

"Tired" shi ne gajiya. Manomi ya wuni gona, ya gaji, ya kwana, da safe ya warware. In gajiyar ta kai ya kasa ɗaga hauya, sai a ce "exhausted".

"Weak" kuwa rashin ƙarfi ne. Ana faɗinsa "wik", kamar sunan sati a Ingilishi, amma rubutun ya bambanta. Wannan barci ba ya maganinsa. Zazzaɓi, zawo ko ƙarancin jini ke kawo shi. In uwa ta ce yaronta "tired" ne, alhali ko nono ya kasa tsotsa, ana iya cewa ta bar shi ya huta. "Weak" za ta ce, a duba shi nan take.

Akwai kuma "drain", wato tsiyaye ruwa. Ana faɗinsa ga batir in ya ƙare, da mutumin da ciwo ya tsotse.